Fulogin cikin kwalin Toyota: Denso ne ko NGK, ina kuma Bosch ya shigo?

Salamu alaikum 'yan uwa. Alhaji ka yi tambaya jiya da dare kan Camry ɗinka ta 2005 mai silinda huɗu, ka ce mai shago ya aje maka fulogi kala uku, ɗaya cikin kwalin Toyota, ɗaya NGK, ɗaya Bosch, kowanne da kuɗinsa, kana son sanin wa ke ƙera ma kamfanin mota fulogi da wayoyinsa na asali kuma wanne za ka ɗauka. Ni aikina ke nan a gareji nan Gusau, bari in faɗa maka abin da na sani.

Toyota ba ta yin fulogi da kanta, Honda ma haka. Odar suke ba wasu kamfanoni, a ƙera musu daidai da injin, a zuba cikin kwalinsu. In kana son ka gani da idonka buɗe kwalin nan mai lamba da ta fara da 90919, ka ciro fulogin ka duba farin tangaran ɗin jikinsa, DENSO za ka gani ko NGK. Kwalin ne na Toyota, kuma har da kuɗin kwalin kake biya.

To Denso da NGK mi ya raba su? Denso ɗan gida ne, daga cikin Toyota aka ɓalle shi a 1949 da sunan Nippondenso, hedikwatarsa na Kariya a Japan, har yau Toyota na da babban hannun jari ciki, kuma ba fulogi kaɗai yake yi ba, har da kwayil da kik da altaneta da kwamfiresan esi. Shi kuwa NGK tun 1936 yake a Nagoya, sana'arsa ta taso ne daga tangaran, fulogi da sensa su ne abin da ya riƙa, kuma ba yaron kowa ba ne, yana ba Honda da Nissan da Suzuki da Volkswagen har da ita Toyota ɗin. A 2023 kamfanin ya sauya suna zuwa Niterra amma fulogin na nan da NGK a jiki, kada wani ya ruɗe ka da wanga.

Abin da zai amfane ka Alhaji shi ne lamba. Injin motarka 2AZ ne, littafinta ya ba ka zaɓi biyu, Denso SK20R11 ko NGK IFR6A11, duk wanda ka samu na gaske a cikinsu ka sa hankalinka kwance, ni dai ban taɓa jin mota ta bambance su ba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai 1ZZ nata SK16R11 ne ko IFR5A11. Honda Accord da ake ce ma EOD mai silinda huɗu NGK IZFR6K11 ko Denso SKJ20DR-M11. Wannan 11 na ƙarshe tazarar bakin ne, milimita 1.1. Lambar tsakiya kuwa ita ke nuna yadda fulogin ke zubar da zafi, 5 ta NGK ita ce 16 ta Denso, 6 ita ce 20, kuma duka biyun in lamba ta hau fulogin ya fi sanyi. Shi ya sa nake jin zafi in na ga an ɗaura na Corolla, mai ƙaramar lamba wanda ya fi zafi, a Camry wai ai zarensu ɗaya, eh zai shiga ramin ya ɗauru tsaf, amma ka hau hanyar Funtua da rana tsaka cikin watan Afrilu, esi a kunne, mota cike da iyali, fulogin da ya fi ƙarfin injin zafi shi ke kawo ƙwanƙwasa, in abin ya yi nisa har fistin yake ci.

Bosch ba ƙaramin kamfani ba ne, a Stuttgart ta Jamus aka kafa shi 1886, kuma tun 1902 suke harkar fulogi. Gidansa motocin Turai ne, Marsandi da BMW da Volkswagen, don haka masu Golf ɗin haya da ke zirga-zirgar Kaura Namoda da Talata Mafara in sun sa Bosch ko Beru, wani kamfanin fulogi na Jamus, sun yi daidai. Sai dai lissafinsa a juye yake, a Bosch in lamba ta hau fulogin ya fi zafi ne. A motar Japan ni ba na kai hannu gare shi muddin akwai ɗayan biyun can.

Batun waya kuma, Alhaji motarka ba ta da wayar fulogi sam, kowane fulogi da kwayil ɗinsa zaune a kansa, wanda ya ce ka sayi saitin waya bai buɗe bonet ɗinka ba. Masu waya su ne tsofaffin, Camry ta 1997 zuwa 2001, Accord ta kafin 2003 mai silinda huɗu, Golf 3. Na Toyota in ka goge ƙurar jikin wayar asali sau da yawa Yazaki ko Sumitomo za ka gani har da shekarar da aka yi ta, na Jamus kuwa Beru ko Bremi ko Bosch. NGK da Denso ma suna sayar da saiti mai kyau. Littafin gyaran Toyota ya ce kada waya ɗaya ta wuce kilo-om 25 in an auna da mita, in babu mita ta da mota cikin duhu ka leƙa, waya mai yoyo za ka ga wuta shuɗiya na tsalle tana tas tas. Kuma don Allah a riƙa kama robar kai wajen cirewa, ba a fizgo wayar ba.

Jabu shi ne ciwon da ya fi damuna, don wallahi ya fi zaɓen suna muhimmanci. Kwanan baya wani bawan Allah ya kawo min Corolla tana rawa a silo tana shan mai, wata biyu kacal da sa mata "iridiyom", wato fulogi mai siririn tsini na ƙarfen iridiyom, da ya saya da arha a wani shago. Da na ciro na silinda ta uku, tsinin da ya kamata ya zama siriri kamar bakin allura ya cinye ya dunƙule, rubutun jikin tangaran na murza da babban yatsa ya fara gogewa, wosha kuma ta zame ta faɗo tafin hannuna, alhali ta gaske ba ta fita da sauƙi haka. Iridiyom na ƙwarai yana wuce kilomita dubu 100, ɗan talaka mai bakin nikel wajen dubu 30 ake sauya shi, kuma in aljihu bai kai ba gara ka sa ɗan talakan na gaske mai lambar da ta dace da injinka ka riƙa sauyawa a kan lokaci.

In ka tashi saye tafi da tsohon fulogin a aljihu ka jera su, tsawon zare ɗaya, lamba ɗaya, guda huɗu iri ɗaya kada a gauraya maka. Ka ce ma yaron gareji kada ya kankare bakin da burushin ƙarfe ko ya buga shi a ƙasa wai gyaran tazara, kuma a bar injin ya huce, a fara ɗaurawa da hannu kafin a sa sifana don kan injin naka alminiyom ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.