Gilashin Raynox DCR-250 wajen ɗaukar hoton ƙwari

Ga mai ɗaukar fara a gonakin Garwa hoto biyu-biyu, irin waɗanda ake karkato idanu wajen hanci su haɗe su yi zurfi, wannan gilashi ya biya kuɗinsa. Ana maƙala shi a bakin kyamara, ƙwaro ya fito tar daga nisan santimita 12. A ɗauki hoton farko, a gusa da kyamara gefe milimita 4 kacal, a ɗauki na biyu. In an zarce haka da yawa, ido ba ya haɗa su, kai ya ɗau ciwo. Hoton da aka ɗauka daga hagu a gefen dama ake ajiye shi, na dama kuma a hagu.

Inda yake da rauni: idon ƙwaron na fitowa, fiffike ya dushe, dole a tsuke ƙofar haske zuwa f/16 a ƙara fitila. Asubahin hunturu ya fi, sanyi na hana ƙwaron motsi tsakanin hotunan biyu.