Rabawa ko gurbi: wace hanya za a bi da yaro a lissafin bes?

Hajiya, kin ce an ba yaronki ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare aikin gida ya mayar da 89 zuwa bes 5, wato tsarin rubuta lamba da ake ƙirgawa biyar-biyar maimakon goma-goma. Shi ya bi hanyar da malaminsu ya koya musu ya sami 423, mahaifinsa ya bi wata hanya ya sami 324, yaro kuma ya kafe cewa "ba haka malam ya ce ba". Kina tambaya wa ke da gaskiya, kuma wace hanya ta fi.

Amsar Alhaji ce daidai, 324. Amma hanyar malam ba ta da laifi, yaron ne ya karanta ta a juye.

Hanyar malam ita ce ta rabawa, wadda akasarin makarantunmu nan Zariya ke koyarwa, daga Tudun Wada har Samaru. A raba 89 da 5, a sami 17 saura 4. A raba 17 da 5, a sami 3 saura 2. A raba 3 da 5, ba ya rabuwa, sifili saura 3. Sai a kwashi ragowar daga ƙasa zuwa sama: 3, 2, 4. Ɗanki daga sama ya kwaso, shi ya sa ya fito da 423. Idan aka mayar da 423 ɗin nan zuwa bes 10, wato lissafinmu na yau da kullum, 113 zai bayar.

Hanyar Alhaji kuwa ta gurbi ce. A lissafinmu na yau da kullum gurabun su ne 1, 10, 100, 1000. A bes 5 sai su zama 1, 5, 25, 125. Tunda 125 ya fi 89, a bar shi. 25 nawa ne a cikin 89? Uku, wato 75, saura 14. Biyar nawa a cikin 14? Biyu, saura 4. Ga 324 nan, kuma a jere ta fito, babu maganar sama ko ƙasa.

Wajen sauri, rabawa ta yi gaba. Ba ta buƙatar yaro ya haddace komai sai jadawalin sau. A ce masa ya kai 1000 zuwa bes 2, zai yi ta rabawa da biyu har ya gama, alhali mai bin gurbi sai ya fara jera 1, 2, 4, 8 har 512 kafin ya taɓa tambayar. A ɗakin jarrabawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin lissafin bes ba ya ƙarewa a aji ɗaya, zai sake tarar da shi a babbar sakandare, kuma yana fitowa a WAEC da NECO da JAMB.

Inda rabawa ke da rauni shi ne yaro zai iya yin ta shekara guda bai san abin da yake yi ba. Ki tambaye shi me ya sa ake karantawa daga ƙasa, zai ce haka aka ce. Ranar da ya manta, babu abin da zai tuna masa. Kuma da zarar an juya tambayar, aka ce ya mayar da 324 na bes 5 zuwa bes 10, rabawa ba ta da abin cewa. Dole ya koma gurbi: 3 sau 25, da 2 sau 5, da 4.

Ita ma gurbi tana da nata ramin, wato sifili. Gwada shi da 79. Zai ce 25 uku, saura 4, ya rubuta 34 yana murmushi. Ya tsallake gurbin biyar-biyar da babu komai a ciki. Amsar 304 ce. A rabawa wannan ba ya faruwa, sifilin da kansa yake fitowa a layin ragowa.

Idan akwai kaka a gidan, a kira ta, don ta riga mu sanin wannan. Kafin naira ta shigo a 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Mai ciniki a kasuwar Sabon Gari a wancan zamani, in an tara mata kwabo 500, ta san sule 41 ne da kwabo 8, wato fam 2 da sule 1 da kwabo 8. Rabawa ta yi, kuma ba za ta taɓa faɗin kwabo kafin fam ba, domin ta san ragowar farko ita ce ta ƙaramin kuɗi, wato kwabo. Abin da ɗanki bai gane ba ke nan: 4 ɗin da ya fara fitowa shi ne canjin da ya rage, wurinsa ƙarshe.

Ni dai ra'ayina, a gida a fara da gurbi, kuma da hannu. Ki ɗebo wake ƙwaya 89 ki zuba a faranti. Ya kasa su biyar-biyar, zai sami kashi 17, ƙwaya 4 a gefe. Duk kashi biyar ya juye su a kofi ɗaya. Zai ga kofi 3, kashi 2, ƙwaya 4 a gabansa. A nan ne ma zai ga dalilin da ya sa lambar 5 ba ta fitowa a bes 5, tunda ƙwaya biyar na haɗuwa sun zama kashi. Wannan zai taimake shi ranar da aka kawo tarawa: 324 da 143 a bes 5, inda 4 da 3 ba a rubuta 7, sai a rubuta 2 a ɗauki 1, a ƙarshe a sami 1022.

A littafin makaranta kuwa ya rubuta hanyar malam. Kada a sa shi tsakanin uba da malami, yaro ɗan wannan shekaru malam zai zaɓa, kuma masu duba takarda suna ba da maki a kan matakan aiki, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Sai dai ya saba da abu ɗaya: duk amsar da rabawa ta ba shi, ya juya bayan takarda ya ninka ta da gurabunta. In ba ta dawo da shi kan lambar da aka ba shi ba, ya fara duba ko daga sama ya kwaso.