Wata biyar suna cirar min kuɗi ban sani ba: sharhina kan manhajar rubuta bashi

Salam 'yan uwa, musamman masu shago irina a nan Legas. Ina da shagon kayan masarufi a Agege, shinkafa, mangyaɗa, taliya, maggi da sauransu, kuma kun san ciniki a nan rabinsa bashi ne, masu sai da abinci su ɗauki buhu da safe su ce sai yamma, yamma ta zama sati biyu. Shekara da shekaru littafi nake rubutawa, har ranar da ruwan sama ya shigo shagon ya jiƙa min littafin, shafi kusan goma suka manne, wata Iya mai tuwo ta rantse min dubu sha biyu ake binta ba ashirin ba kuma ban da hujja. Shi ya sa da wani matashi ya zo yana zagaya layinmu da riga mai tambarin kamfani yana tallar manhajar rubuta bashi a waya, ban yi gardama ba.

Zan fara da gaskiya, manhajar tana aiki. Ka rubuta sunan kastoma da lambarsa da abin da ya ɗauka, ita za ta tara lissafin, ranar biya ta yi ta tura masa saƙo da kanta, ba sai ka kira mutum kana jin nauyi ba. Ko babu data tana buɗewa. A watan farko na karɓo bashin da na riga na fidda rai da shi. A nan ban da ƙorafi ko ɗaya.

Matsalar tana wajen kuɗinsu. Yaron ya ce min, Alhaji kyauta ce na sati biyu, ka gwada in ba ta yi maka ba ka bari. Sai ya ce in sa lambar katin ATM ɗina wai don tantancewa ne kawai, naira hamsin za a cira a dawo da ita. Aka turo lambar sirri ta waya na sa, aka cire hamsin aka dawo da ita kamar yadda ya faɗa, to me zai sa in yi zargi? Abin da bai faɗa min ba, kuma ni ma ban karanta ba saboda turancin ƙanana ne kamar ƙwayar gero ga kastoma na jira, shi ne a ƙasan shafin akwai ɗan akwati guda biyu da SU suka riga suka sa wa alamar amincewa. Ɗaya yana cewa bayan sati biyu ka shiga babban tsari na ₦4,500 duk wata, ɗayan kuma kuɗin tura saƙo ₦2,000. Ba kai za ka zaɓa ba, an riga an zaɓa maka, aikinka shi ne ka gano ka cire. In ka yi shiru to a wajensu ka yarda kenan. Da harajin VAT na kashi 7.5 ya zama ₦6,987.50 duk wata.

Wani zai ce to ba ka ganin alat? Duk mai shago ya san amsar. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa tiransifa yake yi, har mai sayen maggin ɗari biyu, wayata tana ƙara sau hamsin sau sittin a rana. Su kuma wajen ƙarfe biyun dare suke cira, kuma sunan da ke fitowa a alat ɗin ba sunan manhajar ba ne, wasu haruffa ne a cakuɗe, na ɗauka cajin banki ne irin wanda muka saba haƙuri da shi. Ɗan yayata da ke taya ni zaman shago shi ya gano, muna lissafin ƙarshen wata ya ce, Kawu wannan ₦6,987.50 ɗin fa kullum ranar sha tara ga wata take fita, wa kake biya? Muka ja baya, sau biyar. ₦34,937.50. Ribar buhu nawa ce wannan, ku lissafa da kanku.

Shi ya min bayanin yadda abin yake. Wannan naira hamsin ɗin ita ce ƙofar. Da ka sa lambar sirri sau ɗaya, sun ajiye katinka a wajen kamfanin da ke karɓar musu kuɗi, daga nan za su iya cira duk wata ba tare da an sake turo maka wata lamba ba. Kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da komai, ni da farko abin da na yi niyya kenan.

Shiga minti biyu ta ɗauke ni, fita kuwa kwana goma sha ɗaya. A cikin manhajar babu inda aka rubuta soke, mun duba ko'ina. Lambar WhatsApp ɗinsu na'ura ce ke amsawa, danna 1 danna 2 ka dawo inda ka fara. Yaron da ya yi min rajista wayarsa a kashe, daga baya maƙwabcina mai kayan shayi ya ce ai kamasho ake biyansu kan kowane shago, sun gama da Agege sun wuce Mile 12. Sai da muka tura imel, bayan kwana uku wata ta kira tana ta Oga Oga, wai za su rage min rabin kuɗi na wata uku in zauna. Na ce baiwar Allah ban zo neman ragi ba, a cire ni. Ta ce ka'idarsu sai an ba da sanarwar kwana talatin, ma'ana su ƙara cin wata guda.

Abin ya tuna min da zamanin da layin waya ke sa maka waƙar kira ba ka nema ba, ka sa kati ɗari a zare hamsin. Wannan har hukumar sadarwa NCC ta fito da lambar 2442, ka tura STOP a daina damunka da saƙonnin talla, ga 622 ta kai ƙara. To yanzu dabarar ta baro katin waya ta dawo asusun banki, inda kuɗin ya fi kauri. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a Amurka ma a watan Satumba 2025 kamfanin Amazon ya yarda zai biya dala biliyan 2.5 don sasantawa da hukumar kasuwancin ƙasar, FTC, kan zargin sa mutane a tsarinsa na biyan kuɗin mamba mai suna Prime ba da cikakken saninsu ba da wahalar da masu son fita. Su can talakan gida ake magana, mu nan ɗan kasuwa aka fi hari, saboda sun san asusunsa ba ya rabo da kuɗi kuma ba shi da akanta mai bin layi layi.

Na je banki, ga gosulo ga layi, na rasa cinikin safiya. Suka ce tunda ni na sa lambar sirri da hannuna ba za a kira shi sata ba, abin da ya fi sauri shi ne a toshe katin a yi sabo. Na biya ₦1,075 aka yi. Sannan ɗan yayata ya rubuta wa masu manhajar cewa za mu kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye da dokar 2018 ta kafa, ya haɗa da hotunan alat biyar ɗin da hoton akwatunan nan biyu. Kwana biyu sai ga kuɗin wata ɗaya sun dawo, ₦6,987.50, har da kalmar wai alfarma ce suka yi min. Sauran huɗun shiru.

Abin da ya fi ƙona min rai, da sun ce min tun farko ₦4,500 ce a wata wallahi zan iya biya, don ta yi min amfani. Tauraro biyu na ba su a Play Store, duka biyun na lissafin bashin ne. Kafin su rufe min asusun mun zauna dare biyu ni da ɗan yayata muna kwafe sunayen masu bashi sittin da uku cikin sabon littafi mai bangon roba, yanzu a cikin leda yake kwana a saman kanta. Maƙwabcina mai shayi ya duba nasa alat ɗin jiya, shi wata bakwai, kuma manhajar tun sati na farko ya goge ta.