Ajin jiu-jitsu na Wuse 2: faɗan ƙasa ya gyaru, amma tatamin nan (shimfiɗar atisayen) sai addu'a

Masu judo da kuke ta tambayata ko ajin nan ya ci kuɗinsa, kun dai san farashin unguwar ba sai na faɗa ba.

Mu a judo in an kada kai ba ippon ba (wato makin da ke ƙare wasa nan take) ai kifewa kake rub da ciki ka ɓoye wuya, daƙiƙa kaɗan rafali ya ce mate, wato a tsaya, ku miƙe. To a ajin jiu-jitsun aka haɗa ni da wani siririn yaro mai shuɗin bel, na ɗaga shi na buga da ƙasa ina jin kaina, kafin in danne shi ya sulale ya juyo ni, sai na dunƙule yadda jikina ya saba ina jiran a tsayar, ashe nan ba mai tsayarwa, yaron ya haye bayana ya saƙala ƙafafu biyu a cinyoyina ya zura hannu cikin kwalar rigata, wlh sai da idona ya fara duhu na buga tatami alamar na sallama. Koci na dariya ya ce "Malam, bayan nan da ka ba shi maki 4 ne kyauta." Wai kuma ya lallashe ni da cewa ai mu ne kakanninsu, tunda Maeda, mutumin Japan da ya kai wasan Brazil a 1914, ɗan judon Kodokan ne, wato makarantar judo ta asali.

Gsky na ƙaru. Sun koya min zamewa da ƙugu maimakon ture mutum da ƙarfin hannu, da yadda zan harɗe ƙafarsa tsakanin ƙafafuna. A judo wannan kaɗai ya isa rafali ya ce toketa, wato dannewar ta warware, daƙiƙa 20 ɗin da ake danne ka a ci ippon ba za ta cika ba. Da na koma wajen namu atisayen, waɗanda suka saba kwantar da ni suna hutawa a kaina yanzu sai sun yi gumi.

Da anan zan tsaya in ce ku je, sai dai yanzu ma da nake rubutun nan hannuna ƙaiƙayi yake. Makero na kwaso. Masu motsa jiki su gama ajinsu da takalma a kan tatamin, ba shara ba goge-goge, mu kuma mu zo mu kafa fuska a kai. Na yi magana aka ce "za a duba Oga", har yau ana dubawa. Wannan kuɗin duka a kasa sayen Dettol?

Sannan a tsaye ba su da komai, kana kama riga mutum ya zauna daɓas a ƙasa, ga murɗe ƙafa da suke koyarwa wanda a gasar judo korarka za a yi. Tauraro 3 zan ba su, kuma wata mai zuwa sai na ga mofa da idona kafin in tura ko sisi.