Rakani-kashi ko Takunkumin Lokaci?

Masu son rage danne-dannen waya a Jos hanya biyu suke bi. Wasu su ajiye babbar waya su koma ƙarama mai maɓallai, wadda ake wa laƙabi da rakani-kashi. Wasu su riƙe babbar, su sa mata takunkumi.

Ƙaramar ba ta da abin jan hankali, kuma nan amfaninta yake. Caji ɗaya sai ta yi kwanaki, ko an ɗauke wuta ba ruwanka. Kira, saƙo, tocila, tura kuɗi da lambar banki, shi ke nan. Babu TikTok ɗin da zai riƙe ka cikin bargo a sanyin Disamba har ka makara sallar Asuba. Amma je ka tambayi dillalin tumatir a kasuwar Farin Gada da ke Jos: mai saye daga Legas hoton kwando yake so ta WhatsApp kafin ya turo ko sisi. Ɗalibin Jami'ar Jos ma, sanarwar ɗage lacca a guruf take fitowa.

Takunkumin kuwa, tun 2018 Apple ya fito da Screen Time, Google kuma da Digital Wellbeing, wato tsarin ƙayyade lokacin amfani da manhajoji a waya. Ka ware wa Facebook minti 30, da sun cika manhajar ta rufe. Sai dai makullin yana hannunka. Ƙarfe sha ɗayan dare, dannawa biyu a iPhone ta isa ta ƙara maka minti 15, kuma wa zai hana ka?

Ni dai, wanda abincinsa ke cikin waya gara ya riƙe babbar da rana, bayan Isha ya jefa ta durowa, ƙaramar ta kwana kusa da shi saboda kiran gaggawa.