The Elementals: tsohon bugun Avon ko sabon na Valancourt?

A yawancin littattafan tsoro, gidan fatalwa sai da duhu da ƙarar ƙofa cikin dare. Marubucin Amurka Michael McDowell bai bi wannan hanyar ba a littafinsa The Elementals. Gidaje uku ya ajiye a wani zirin ƙasa mai suna Beldame, a bakin tekun jihar Alabama ta Amurka, cikin zafin rana mai narka mutum. Ana kwana a biyu, na ukun kuwa tudun yashi ne yake haɗiye shi sannu a hankali, har yashin yana kwarara ta taga. Tsoron da ke cikinsa da rana tsaka yake zuwa, shi ya sa har yau ake neman littafin.

Kamfanin Avon ne ya fara fitar da shi a 1981, ƙarami mai laushin bango, kusan santimita 11 a faɗi, 18 a tsawo. Matsalarsa takarda ce. Da niƙaƙƙen itace mai arha aka yi ta, mai sinadarin asid, don haka gefenta yake komawa ruwan ƙasa, ta bushe ta riƙa karyewa. Ba a ɗinke shi da zare ba, gam kawai aka zuba a bayansa, kuma gam mai shekara arba'in ya riga ya ƙeƙashe. Ka buɗe shi warwar sau ɗaya, za ka ji ƙas, shafuka su fara zubewa.

Kafin ka biya, nemi hoton ƙashin bayan littafin. Farin layi daga sama har ƙasa yana nufin ya taɓa karyewa. Duba shafin haƙƙin mallaka ka ga ko bugun farko ne, domin farashinsu ba ɗaya ba ne. Mai warin ruma ka bar shi, yakan shafi na kusa da shi. In shafi ya fita, a shafa gam na PVA marar asid siriri a gindinsa, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Salatif kam haramun ne a nan, yana barin tabon da ba ya fita.

Kamfanin Valancourt Books ya sake buga shi a 2014, ya fi girma, takardarsa fara, rubutun ba ya wahalar da ido. Wanda karatu ya kawo shi, wannan ya dace da shi. Na Avon na masu adanawa ne: a saka shi a leda marar asid, a tsaye, nesa da rana da damshi.