Garejin da ya gyara mini famfon iskar tsohuwar Marsandi

Motata Marsandi ce C240 ƙirar 2003, 'yar Kwatano, kuma takardunta sun nuna daga Amurka ta fito. Da shigowar hunturun bana ta fara wani kuka da asuba: ina tayar da ita sai ƙara mai tsini ta taso daga gaban injin, ta yi kamar minti ɗaya, ta ɗauke. Bayan mako biyu kukan ya daina gaba ɗaya, sai wutar cek injin ta kama.

Bakaniken farko da na je wurinsa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce, "Alhaji, wannan kayan Turawa ne, a cire a toshe kawai." Ban yarda ba. Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani gareji da ke kusa da Ƙofar Ruwa a nan Kano, kuma a kansa nake wannan rubutu.

Mai garejin dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya sa wa motar kwamfuta, ta fitar da lamba P0410, ya ce matsalar famfon iska ce. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani: idan injin yana da sanyi, fetur ba ya ƙonewa duka, to wannan famfo na lantarki shi ke hura iska cikin bakin salansa domin ragowar ya ƙone, indomi kuma, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin salansa, ya yi zafi da wuri. Aikinsa na ɗan lokaci ne, shi ya sa ban taɓa jin kukan da rana ba. Dokokin hayaƙin mota na can Amurka da Turai ne suka sa ake haɗa shi, mu kuma muka gada tare da motocin.

Abin da ya sa na yaba masa shi ne bai tsaya kan famfon ba. Da ya kwance shi ya karkata, sai baƙin ruwa mai tsatsa ya zubo. Ya ce, "Ka gani? Ba da kansa ya mutu ba, kashe shi aka yi." Akwai bawul da ke hana hayaƙi komawa baya, shi ne ya maƙale a buɗe, tururin salansa yana shiga famfon yana zama ruwa, har boris ya ci. Da sabon famfo kawai aka ɗaura, da bayan 'yan watanni na dawo da kuka iri ɗaya. Ya kira rewaya ya duba fiyus da rile, wato makunnin da ke ba famfon wuta, fiyus ɗin ya ƙone, aka sauya duka biyun. Wani siririn tiyo da ya tsage saboda tsufa shi ma aka canza.

Famfo da bawul na hannu muka saya a kasuwa. Kafin in biya, ya sa yaronsa ya jona famfon da batir a gabana, muka ji iskarsa a tafin hannu. Na farko da aka kawo yana gurnani, ya mayar da shi.

Inda ban ji daɗi ba: ya ce in dawo da la'asar, amma motar sai da ta kwana biyu, kuma bai kira ya sanar da ni ba. Wurin zama ma babu, sai benci ɗaya a rana. Garantin kayan kuwa mako guda ne kacal, wanda a ganina ya yi kaɗan ga abin da ba ya aiki sai da sanyin safiya.

Yau wata biyu ke nan. Da asuba ina jin hucinsa a hankali, ya yi ɗan lokaci ya tsaya, wutar kuma ba ta sake kamawa ba. Warin ɗanyen fetur da ke cika mana tsakar gida idan na tayar da ita, wanda uwargida ta daɗe tana ƙorafi a kai saboda yara, ya ragu sosai. Ranar Asabar zan mayar masa da ita ya duba mini ƙafar gaba.